Meyasa Ta Koma Aji Uku

Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Meyasa, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan tebur mai murfin gilashi a bakin wani shagon sayar da magani. In an tashi daga makaranta, can take zuwa ta tsuguna a gefensa, bakinta kuwa ba ya hutawa. Me ya sa wannan agogon ya fi wancan tsada, alhali lokaci ɗaya suke nunawa? Me ya sa mai shagon magani ya ƙara wa kwalbar nan kuɗi, alhali tun bara take zaune a kan kanta? Baba yakan cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ya dube ta.

"Ke dai in kin girma ki je ki tambayi masu ilimi," in ji shi. "Ni hannu biyu na sani, dogo da gajere."

Ta kuwa ɗauki maganar da gaske. Da ta gama sakandare ta samu shiga jami'ar garinsu, sashen nazarin tattalin arziki. Ba ita ce ta fi kowa a ajin ba, amma tana cikin waɗanda ake aron littafinsu in jarrabawa ta matso. Ta gama aji ɗaya, ta gama aji biyu. Ana cikin hutu Baba ya fara zubar da ƙananan kusoshin agogo yana lalube a kan tebur. Masu kaya suka fara dawowa suna ƙorafi. Da aka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci inda ya ci. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, ga ƙanne uku duk suna makaranta, ita ce babba. Ba wanda ya ce mata ta bar karatu. Ita da kanta ta ce za ta ɗan dakata na zango ɗaya, har abubuwa su daidaita.

Ta samu aiki a wani shagon buga takardu da ke jere da ƙofar jami'ar. Ɗaki ne ƙarami, injin fotokofi ya cinye rabinsa, yana fitar da zafi kamar murhu, ga warin tawada da gam, ga fankar sama da ke juyawa tana kuka. A nan zango ɗayan nan ya zama shekaru. Ƙannenta suka gama makaranta ɗaya bayan ɗaya. Wani mai walda ya zo gyaran ƙofar shagon, aikin yini guda ya ja shi har mako, ya ce wai ƙarfen ne ke da taurin kai. Shi ta aura. Suka haifi 'ya'ya biyu, suka ɗauko Baba ya dawo wurinsu, a ɗakin da ke kusa da ƙofa, shi da rediyonsa.

Aikinta mafi yawa buga kundin 'yan ajin ƙarshe ne, wato binciken da kowane ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi digiri. 'Yan sashen tattalin arziki sun fi son kawo mata nasu, don tana gyara musu kalmomin da suka rubuta ba daidai ba, kuma ba ta rikita teburan alƙaluma. Ta buga kundi a kan hauhawar farashi, ta buga a kan rashin aikin yi, ta buga a kan haraji, har ta kai in ta ga babi na ɗaya ta san abin da na biyar zai ce. A ranta takan ce ba ta yi wata babbar asara ba, tunda karatun ne ke biyo ta har shago.

Wata rana da hantsi wani dogon mutum mai tabarau ya shigo da takardu a ɗinke masa. Ta miƙa hannu ta karɓa ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Meyasa?"

A layin nan kowa Anti mai bugu yake kiranta. Ta ɗaga ido, sai ga Dogo, ɗan ajinsu na da, wanda ya fi kowa aron littafinta, kuma ya fi kowa mantawa ya dawo da shi. Yanzu ya zama Dakta, kwanan nan aka dawo da shi jami'ar ya riƙe sashensu. Ta ji kamar ta shige ƙarƙashin injin fotokofi. Suka gaisa, ta tambaye shi iyali, ta yi ta kiciniyar neman allurar ɗinkin da ke gabanta.

Shi kuwa ya jawo kujerar roba ya zauna. Ya ce mata jami'a ta buɗe hanya ga waɗanda suka bar karatu a tsakiya. Za a duba sakamakonsu na da, in ya yi kyau su ci gaba daga inda suka tsaya. Ita aji uku za ta shiga.

"Haba Dakta," ta ce, "tsofai-tsofai da ni?"

"Gemu ba ya hana ilimi."

"To ai ni ko gemun ba ni da shi."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Har yanzu bakin nan yana nan. Ki zo ofis ki same ni. Ina da bashin littattafanki a wuyana, ko ba komai na rage."

Da yamma ta ba mijinta labari kamar abin dariya, tana jiran shi ma ya yi dariyar a wuce wurin. Yana wanke hannunsa da ya yi baƙi da ƙarfe, ya ce, "To me kike jira?" Ta lissafa masa yara, da Baba, da shago, da kan da ya daɗe bai ɗauki karatu ba.

"Yara ni zan riƙa kai su makaranta a babur. Mai shago ki roƙe shi ki koma rabin yini. Maganar kai kuwa, ƙarfe ma in ya yi tsatsa gogewa ake yi, ba a jefarwa."

"Au, ni ce ƙarfen?"

"Mai tsada ma kuwa."

Daga ɗakin ƙofa Baba ya rage muryar rediyo, ya ce, "Ni dai kada a sa sunana cikin uzuri. Na san hanyar banɗaki."

Ranar da ta fara shiga lakca, ta makara kaɗan. Tana turo ƙofa da jakarta a kafaɗa, sai 'yan layin gaba suka gyara zama suka buɗe littattafai, sun zaci malamar ce ta iso. Da ta wuce ta nemi benci a baya, ajin ya fashe da dariya. Daga ranar ta zama Antin aji. Ba su da mugunta, yaran. Suna ajiye mata wuri, ita kuma tana raba musu faɗa in an ba su aikin rukuni.

Abin da bai zo da wasa ba shi ne darasin da ɗalibai ke kira Dodon aji uku, inda ake auna maganganun tattalin arziki da lissafi, a ga ko alƙaluma sun yarda da su. Malamin darasin wani siririn dattijo ne da ake kira Malam In-dai, saboda ba ya iya jumla biyu bai ce "in dai sauran abubuwa ba su canza ba" ba. Ɗalibai sun ce ko matarsa ta tambaye shi zai dawo da wuri, haka yake amsa mata. Meyasa ta shiga darasin da ƙarfin gwiwa, don duk alamomin da yake rubutawa a allo ta buga su sau ba adadi. Aka yi gwajin farko, ta faɗi warwas.

Malam In-dai ya kira ta ofis. Ya ajiye takardarta a tsakaninsu, jan biro ya yi mata kaca-kaca.

"Baiwar Allah, kin san kalmomin nan duka," ya ce a hankali. "Amma kamar wanda ya haddace sunayen garuruwa ne bai taɓa taka ko ɗaya ba. In na tambaye ki me ya sa aka raba wannan da wancan, me za ki ce?"

Ashe duk shekarun nan ganin kitse take yi wa rogo. Ta koma shago ta zauna bayan injin fotokofi ta yi kukanta, ta share fuska kafin wani ya shigo. A hanyar gida ta yanke shawarar ta haƙura, tun kafin ta zama abin labari.

Baba ba ya gani, amma yana jin tafiyar kowa. Ya ji yadda ta ajiye jaka, ya kira ta. Ta gaya masa komai. Ya ce, "Ɗauko littafin ki karanta mini."

"Baba, ba za ka gane ba. Lissafi ne."

"Ke ma ai kin ce ba ki gane ba. Sai mu taru mu zama biyu."

Ta ɗauko don kada ta saɓa masa. Ta karanta sakin layi ɗaya ta fassara masa, ya ce, "Me ya sa?" Ta shiga neman amsa a littafin. Ta koma shafin baya, ta sake komawa na bayansa, har ta samo. Ta faɗa masa, ya gyaɗa kai, ya sake jefo wata. Da haka abin ya zama musu aikin kowace yamma, a kan tabarma a tsakar gida kafin rana ta faɗi. Ba Dodo kaɗai ba, har sauran darussan. Da ta gaya masa cewa in farashi ya yi ta hauhawa babban banki kan ƙara kuɗin ruwa, sai ya zabura.

"Kaya sun yi tsada, kuma a tsawwala wa mai neman rance? Wane irin magani ne wannan?"

Ta yi kwanaki tana haɗa masa amsar, yadda kuɗi kan yi yawa a hannu kaya su yi kaɗan a kasuwa, da yadda ake rage gudun kuɗin. Ya saurara ya ce ya ji, amma har yanzu bai ga inda talaka ya tsira ba. Ta kai maganar aji, malamin darasin ya ce tambayar tana da kyau, masana ma ba su gama faɗa a kanta ba. Baba ya yi mako yana ba maƙwabta labari.

Wurin da ya fi ba ta wuya a Dodo shi ne yadda ake zana ɗigo-ɗigo a takarda, kowane ɗigo mutum ɗaya ne ko gida ɗaya, sannan a nemo miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa ya ratsa tsakiyarsu. Ta rasa yadda za ta nuna wa makaho wannan. Mijinta ya ji suna ta fama, ya kawo marafan kwalba ya baza a kan faranti, ya yanko siririn ƙarfe ya ɗora a tsakani. Baba ya bi su da yatsu, yatsun nan da suka saba da cikin agogo. Ya tsaya a kan wani marfi da ya yi nisa da ƙarfen.

"Wannan fa, da ya ware?"

"Shi ne abin da lissafin ya kasa bayyanawa, Baba."

"To ki matsar da ƙarfen wajensa mana."

"In na matsar, waɗancan na ƙasa za su yi nisa. Ana neman inda nisan kowa da kowa, in an haɗa, zai fi ƙanƙanta..." Ta tsaya cak. Abin da Malam In-dai ya cika allo da shi ke nan, ga shi a kan faranti. Ta tashi da gudu ta ɗauko biro.

Ta ci Dodo a ƙarshen zango. Ba da wani babban maki ba, amma ta ci, alhali wasu da ba su kai rabin shekarunta ba sai da suka maimaita. Mijinta ya koma kiranta Farfesa, ko ruwa zai ce ta miƙo masa.

A aji huɗu aka zo kan kundi, aka haɗa ta da Malam In-dai ya duba aikinta. Bayan ta buga na mutane tsawon shekaru, yau ga nata. Ta zaɓi ta binciki abin da ke sa ɗalibai barin jami'a kafin su gama. Ta riga ta san amsar, a ganinta: kuɗin makaranta ne, kowa ma haka yake faɗa, ita ma in an tambaye ta nata dalilin, rashin kuɗi take cewa. Ta shiga neman mutanen. Wannan ya haɗa ta da wancan, wancan ya ba ta lambar wata. Ta same su a shagunan ɗinki, da tashar mota, da bayan kantar banki, da ɗakunan koyar da yara. Wasu suka ƙi magana. Wasu kuwa da ta ce musu ita ma ta taɓa bari, sai su jawo mata kujera.

Da ta zuba amsoshin a kwamfuta, kuɗin makaranta ya fito, amma ba shi ne a gaba ba. Abin da ya fi fitowa fili a cikin mutanen da ta tambaya shi ne rashin lafiyar wani a gida, uwa ko uba ko miji, kuma ya fi faɗawa kan wanda yake babba a ɗakinsu. Ta sake lissafin ta wata hanya, ya sake fitowa haka. Ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, injin fotokofi yana ta huci a bayanta.

Kwanaki ta yi tana kauce wa zaman tabarma, yau ciwon kai, gobe aiki ya yi yawa. Baba ya gaji ya ce, "Ke, zo nan. Me ɗigon naki suka ce?"

Ta zauna ta faɗa masa, tana zaɓen kalmomi kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya murza maɓallin rediyon da ke kashe.

"Ashe ina cikin marafan," ya ce.

"Baba, ba haka ba ne. Ni na zaɓa. Ba wanda ya sa ni."

"Na sani. Kuma na san abin da idon nan ya ci miki. Kina tsammani makaho ba ya lissafi?" Ya lalubo hannunta ya riƙe. "Rubuta shi yadda ya fito. Kada ki rage komai don ni. Wataƙila wani mai iko ya karanta, ya san in uba ya kwanta ba shi kaɗai ke kwanciya ba." Hawaye suka zubo mata. Ya saki hannun ya gyara zama. "Amma ki samu wani lungu a ciki ki rubuta cewa makahon nan ne ya kayar miki da Dodo. Kada a ci mini haƙƙi."

Ta yi dariya cikin kuka. Ta kuwa rubuta, a shafin godiya.

Ta kai wa Malam In-dai sakamakon tana jin ta gano abin da zai girgiza jami'a. Ya karanta a nutse, ya ce aiki ya yi kyau, sannan ya zuba mata ruwan sanyi. Waɗanda ta tambaya, in ji shi, su ne waɗanda ta iya samu, kuma suka yarda su yi magana. Waɗanda suka bar garin fa? Waɗanda kunya ta hana su amsa waya fa? Kuma ciwo da rashin kuɗi sukan shigo gida tare, ta yaya ta raba su? Ta fito ranta a ɓace, ta ce wa mijinta mutumin nan ko an ba shi zuma sai ya nemi ɗacinta. Amma da ta huce ta ga gaskiyarsa. Ta sake rubuta babin ƙarshe, ta faɗi abin da ta gano, ta kuma faɗi iyakar inda za a iya dogara da shi.

Ranar kare kundi, an gayyato wata farfesa daga wata jami'a, mace mai furfura da ba ta murmushi. Ta juya shafuka ta ce, "In an ba wa iyalan nan inshorar lafiya, ɗalibai nawa za su tsaya su gama?"

Meyasa ta ji amsa mai daɗi ta zo mata baki, irin wadda ta sha bugawa a kundin mutane. Ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Farfesa. Bincikena bai kai nan ba. Sai an bi iyalai masu inshora da marasa ita tun daga shigar 'ya'yansu jami'a, a ga yadda za ta kaya."

Farfesar ta dube ta ta saman tabarau, ta rubuta wani abu, ta ce a kira na gaba.

Ta fita da digiri mai daraja ta biyu. Aiki bai zo da wuri ba. Ta koma shago cikakken yini, tana buga kundin 'yan bayanta, sai dai yanzu in ta ga lissafi ya karkace takan ce wa mai shi ya koma ya duba kafin malaminsa ya gani. Watanni suka shuɗe, har ta fara sabawa. Sai wata safiya Dakta ya aiko a kira ta. Farfesar nan mai furfura tana jagorantar wani bincike a kan yadda jinya ke taɓa tattalin gidaje, tana neman masu shiga unguwanni su yi tambayoyi su kuma tace alƙaluma, ta ce a nemo mata matar nan da ta ce ba ta sani ba.

Aikin na wucin gadi ne, an ce in an samu tallafi za a sabunta. Ta yi sallama da mai shago, ya ce ƙofa a buɗe take in abin bai yi ba. Yanzu da sassafe take fita ta hau bas zuwa unguwannin bakin gari, ita da abokan aikinta, da 'yar na'urar tambayoyi a jaka. Tana ƙwanƙwasa ƙofofi, wani gidan a kore ta, wani a shimfiɗa mata tabarma a ba ta labarin da ya fi abin da ta tambaya tsawo. Ranakun da ba a fita, tana ofis tana tace abin da aka tattaro, kuma an fara barin ta ta gwada lissafin farko da kanta kafin manya su duba.

A ƙarshen makonta na farko ta dawo gida ƙafafunta sun kumbura, takalmin ma da ƙyar ya fita. Mijinta ya ɗora ruwa ya zuba a roba ya ajiye mata, ta tsoma ƙafa tana lumshe ido. Yara suna rigima a kan wanda zai riƙe na'urar, tana ce musu kayan ofis ne, a ajiye.

"Na ji an ce akwai wani digirin a gaba da wannan," in ji mijin, yana goge hannu da tsumma. "Na biyu."

"Akwai."

"To?"

Ta motsa yatsun ƙafarta a cikin ruwan ɗumin. "Farfesa ma ta yi mini maganar jiya. Bari dai ƙafafun nan su huce tukuna. Ƙaro mini ruwan zafin."